Saitin kayan tufke gashi da na saya: wanne ya yi, wanne bai yi ba

Saitin nan na kayan fakin gashi da masu saida kaya suke ta yawo da hotonsa a status ɗin WhatsApp, wanda ake zubo donot na tufke gashi guda uku da filoli da ribom da kilif duk a leda ɗaya, na saya kuma ya kwana biyu a hannuna har na san halin kowane abu da ke ciki, shi ya sa na ce bari in faɗa muku abin da na gani kafin wata ta tura kuɗinta. Kuɗin dai ba na tashin hankali ba ne, bai kai abin da za ki biya a salun a wanke miki kai a busar ba, amma ko nawa ne ai gara ki san me kika saya. Gaskiyar magana rabin kayan cikin ledar ba don irin gashinmu aka ƙera su ba, sauran rabin kuma wallahi suna aiki, in dai kin san inda za ki ajiye tufkar a kanki.

Bari in fara faɗa muku irin kaina don kada wata mai gashi mai santsi ta ce na yi wa kayan sharri. Gashina yana da cika masha Allah, in aka miƙar da shi yana wuce kafaɗa sosai, ba na sa rilaksa, kuma da ruwa ya taɓa shi shi ke nan ya ƙanƙance ya koma rabi. Don haka kafin in yi kowace irin tufka sai na miƙar da shi tukuna, ko dai kitson zare in kwana da shi, ko in raba shi gida huɗu in yi manyan kalaba da ɗan man kaɗanya in kwance da safe. In ba ki yi wannan ba to duk abin da zan faɗa a ƙasa wahala kawai za ki sha, ki yi ta zagin mai kaya a banza.

Donot ɗin shi ne uban tafiyar. Zagayayyen abu ne kamar gammo, na raga mai laushi, an zo da ƙarami da matsakaici da babba. Yadda nake yi da shi: in taje gashin in tattara shi wuri ɗaya in ɗaure da ribom, in zura jelar ta ramin donot ɗin har ya zauna a gindin ɗaurin, sai in sunkuyar da kai in baza gashin ta ko'ina ya rufe ragar, in kawo wani ribom ɗin in zura ta sama ya kama gindin, ragowar bakin gashin da ya fito in murɗa shi in zagaye gindin da shi in soke da fil. Minti kaɗan an gama, kuma tufkar tana fitowa a dunƙule tsaf gwanin kyau, ba wani gefe da ya fi wani. Amma akwai ɗaya hanyar da ake nunawa a bidiyo, wai ki sa donot ɗin a bakin jelar ki dinga nannaɗowa ƙasa har ki iso gindi, 'yar uwa kada ki fara. Masu yin wannan gashinsu sulɓi ne da shi, yana zamewa a kan ragar, namu kuwa shiga ramukan yake ya sarƙe, lokacin cirewa ki ji yana tsinkewa ɗas ɗas, ki duba donot ɗin ki ga gashinki cunkushe a jiki. Ko ta hanyar farko ma ragar tana ɗan cin gashi, shi ya sa na samu ƙyallen satin baƙi na naɗe nawa da shi na ɗinke bakin da allura, tun daga nan muka zauna lafiya. Fil yana ɗan wahalar shiga ta satin ɗin amma yana shiga.

Matsakaicin ne nawa na kullum. Ƙaramin ya fi dacewa da yara 'yan mata ko mai gashi mara yawa, a kaina nutsewa yake ba a ma san yana nan ba. Babban kuwa, to mu faɗa wa juna gaskiya, acuci maza ne aka canza masa leda. In kika sa shi kika ɗora gashi mai cika a kai sai ki ga kanki ya zama biyu, ɗankwali yadi guda ba ya zagayewa, hijabi kuma ya ɗage ta baya. Kun dai san malamai sun daɗe suna magana a kan tula abu a tsakar ka, suna kawo hadisin nan na Sahih Muslim da ya ambaci matan da kawunansu suke kamar tozon raƙumi, ni ba malama ba ce ba zan shiga fatawa ba, amma ko ba don wannan ba nauyinsa kaɗai ya ishe ki ciwon wuya kafin la'asar. Na ajiye shi can ƙasan durowa.

Kuma wadda ba ta son kashe ko sisi, tsohuwar safa baƙa mai tsafta ki yanke wajen yatsun ki nannaɗe ta daga baki zuwa baki, donot ne ya fito, kuma ita ba ta ma cin gashi irin na ragar.

Sai wani dogon abu mai soso da waya a ciki, an tsaga tsakiyarsa, wai ki zura gashin ta tsagar ki nannaɗe sannan ki lanƙwasa bakin biyu su haɗu. Wannan kam asara ce. Tsagar ta yi wa gashina kaɗan, da kyar rabinsa ya shiga, da na matsa na lanƙwasa sai ga wayar ta huda soson ta leƙo tana karta min fatar kai. Na ba ƙanwata da take sa rilaksa, ita ta ce yana yi mata, to ku ji da kyau, mai gashi a kwance ita ce da shi.

Abin da ya biya ni kuɗina a duk ledar nan filolin nan ne masu buɗaɗɗen baki, masu siffar harafin U. Da yawanmu muna da su a gida ba mu san yadda ake soka su ba, sai mu tura su kai tsaye cikin tufkar su zame su faɗo a hanya. Ga yadda yake kamawa: ki ɗan ɗebo gefen tufkar da bakin fil ɗin yana kallon waje, ki kai shi har ya taɓa fatar kai ya ɗebo ɗan gashin da ke kwance a ƙasa, sannan ki juyo da shi ki tura ciki wajen tsakiyar tufkar. Wato ya ɗinke tufkar da gashin ƙasa ke nan. Guda huɗu, sama da ƙasa da gefe da gefe, sun riƙe min kai tun safe har dare, da girki da shara da hawa Adaidaita Sahu a titin da duk ramuka ne. Da su ko donot ba sai na sa ba, in murɗa jelar kawai ta zama igiya in naɗe ta a gindinta in soke, kuma wannan ita ce tufkar da ta fi min sauƙi a ka don ba abin da yake ja. Ko kina da kitso ma, shuku ne ko wanda aka zubo baya, haka za ki tattara jelar ki naɗe ki soke da biyu, ba sai kin ɗaure da roba ta dinga cinye bakin kitson ba.

Ƙananan filolin masu matsattsen baki su kuma sai a hankali. Ɗan ƙullin robar da ke bakinsu tun a satin farko ya fara ɓarewa, kuma da ya ɓare ƙarfe ne tsirara mai kaifi, ki jefar kawai kada ki ce za ki lallaɓa. Fentin ma yana tashi su fara tsatsa in suna shan danshi. In za ki sa su, gefen mai lanƙwashe-lanƙwashen shi ne yake kallon fatar kai, haka ya fi kamawa. Akwai kuma guda biyu masu murɗe irin na sukuru, ana murza su ne cikin tufkar ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, suna riƙewa sosai a gashin da aka miƙar, amma ki tuna ta inda kika murza don ta nan za ki warware, in kika fizgo da ƙarfi za ki yi kuka.

Ribom kala biyu suka zo. Na satin ɗin masu tattara, guda uku, ba ni da abin cewa a kansu sai alheri, ba sa karya gashi ba sa barin shaida, kuma har yanzu robar ciki ba ta saki ba duk da wankin da suke sha. Siraran baƙaƙen masu ɗan ƙarfe a mahaɗa kuwa, wannan ƙarfen shi ne yake datse gashi daidai inda aka ɗaure, na tattara su na koma ɗaure bakin ledar kayan miya da su. Kilif mai haƙoran nan ma bai yi ƙarko ba, robar ba ta da ƙwari, haƙori biyu suka karye ranar da na ce ya kama gashin gaba ɗaya. Dama shi ba abin sawa a ƙarƙashin hijabi ba ne, yana yin tsini ta baya kuma ba dama ki jingina kanki da kujera a mota.

Yanzu batun inda za a ajiye tufkar, wanda a wurina ya fi duk kayan nan muhimmanci. Hotunan da ake tallar saitin da su duk a tsakar ka ake ɗora ta, don matan da ke hoton a buɗe suke yawo da kansu. Mu kuwa akwai ɗankwali akwai mayafi akwai hijabi, ga alwala sau nawa a yini. Tufkar da ta fi zaman lafiya ita ce ta ƙasa, a ƙeya, ɗan sama kaɗan da inda wuya ya fara. Hijabi yana kwanciya lumui, hannu yana wucewa wajen shafar kai daga goshi har baya bai ci karo da tulin komai ba, kuma nauyin gashin ba ya rataye a gaban goshi. In kuma biki za ki je kina son ɗaurin ɗankwali ya tashi ya samu abin da zai zauna a kai, sai ki ɗaga ta zuwa daidai saitin saman kunne da matsakaicin donot, nan ɗaurin yake samun gindi ba ya zamewa ko kin sha rawa. Ta tsakar ka ɗin ni a cikin gida kawai nake yinta, lokacin zafin nan na Afrilu da ba ka son komai ya taɓa maka wuya.

Kuma don Allah a rage ja. Na san in an sha jel an kwantar da gashi an ja shi tamau fuska tana fitowa, amma ki duba matan da suka shekara suna fakin mai tsauri ki ga gaban goshinsu, ya ja baya, saje ya tafi. Likitocin fata sun san wannan zubewar gashin da ja ke kawowa, in an farga da wuri aka sassauta yana dawowa, in kuma aka daɗe ana yi tushen gashin ya mutu ba man da zai fito da shi, ko na kwakwa ko karkar ko chebe. Alamar ba ta da wuyar ganewa: in kin gama tufkewa kin ji girarki ta ɗage, ko kai ya fara sarawa, ko ƙananan ƙuraje sun feso a layin goshi, to kwance ki sake. Ni ribom zagaye biyu nake yi ba uku ba, kuma sai na ga yatsana yana shiga ƙarƙashinsa. Da dare in cire komai in yi kalaba biyu in sa hular satin. Wurin ɗaurin ma a dinga ɗan canza masa mazauni, yau ƙasa gobe ɗan gefe, don in kullum wuri ɗaya ne nan gashin zai fara karyewa.

Babu jel a cikin saitin, nawa na Eco Styler ne mai man zaitun ɗin nan kore, kuma ɗan kaɗan nake lakata a gefe-gefe kawai in bi da tsohon burushi in ɗaura ɗankwali na minti goma ya kwanta. In kika labta shi a kan man kaɗanya mai yawa fari-fari yake yi in ya bushe, a zata amosani ne, balle da hunturu. Sannan kada ki kuskura ki tufke gashi da danshi ki rufe da hijabi, cikin tufkar ba ya bushewa har dare, warin da zai yi kuwa ko turaren wuta ba ya ɓoye shi.

Ita mai kayan ba zan kama sunanta ba. Ta yi min magana da mutunci, amma ta ce kaya za su iso washegari sai da suka ƙara kwanaki, kuma a hoto donot ɗin duk baƙaƙe ne, da na buɗe ledar sai ga ƙaramin ruwan zuma, kalar gashin Turawa, wanda in ba ki rufe shi da kyau ba yana leƙowa ta tsakanin gashi. Da na yi mata magana sai ta ce haka suka zo mata daga Chaina a ƙulle ba ta buɗewa, ta ba ni haƙuri, canji dai babu. Wadda take Kano in za ta iya shiga Sabon Gari wajen masu kayan kwalliya, gara ta je ta zaɓi matsakaicin donot baƙi guda ɗaya da fakitin fil mai buɗaɗɗen baki da ribom na satin, ta matsa donot ɗin a hannu ta ji in yana dawowa, ta ja ribom ɗin ta ga ƙarfin robar. Wadda kuma dole sai ta onlayin, ki ce a buɗe ledar a ɗauko miki bidiyon ainihin wadda za a aiko miki, ki ga kalar da idonki sannan ki yi tiransifa.