Gargaɗi: mai tallar "kayan dokin sojojin Rum" ya cinye min naira 480,000

Jama'a, wallahi har yanzu zuciyata tafasa take. Naira 480,000! Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan masu sha'awar kayan tarihi yana tallar kayan adon dawakin sojojin Rum: faya-fayen da ake ɗaurawa a mahaɗar maɗauran ƙirjin doki, da 'yan lilo masu siffar ganye da jinjirin wata.

Kada wanda ya ce min ban yi bincike ba. Na yi. Na taso cikin dawaki, na san kayan doki. Irin waɗannan kaya da gaske akwai su tun ƙarni na 1 miladiyya, na tagulla ne, a shafe su da azurfa, a cusa baƙin ado cikin zanen ganyen inabi. Haka ya zayyana min, bai kauce ba. Har labarin waɗanda aka samo a Xanten ta Jamus ya ba ni, da faifan da ke ɗauke da sunan Pliny, marubucin Rum, lokacin yana shugaban rundunar mahaya, wanda yanzu yake gidan tarihin Birtaniya a Landan. Na duba, gaskiya ne. To mai wannan sanin, ta ina zan zarge shi?

"Alhaji, na ga ka san doki, shi ya sa na rage maka." Maganar nan ita ke hana ni barci. Na rage maka! Nan take na tura 400,000.

Da kayan suka iso... a'a, kafin nan ma sai da ya karɓi 80,000, wai kuɗin kwastan. Shi ne ya cika 480,000. Na kai wa wani tsohon maƙeri, ya ɗora maganaɗisu, ya manne caraf. Baƙin ƙarfe ne. Koren tsatsar nan da ta burge ni a hoto, ya goga da tsumma da ɗan fetur, sai ga fenti a hannunsa. A bayan faifan, inda maɗaurin fata ke ratsawa, tabon walda ne sabo fil. Rumawa da walda? Lokacin ma mai tallar ya riga ya toshe ni a WhatsApp, ko washegari ne, oho.

Hirarmu, rasit da hotunan kayan duk suna hannuna, zan ɗora su anjima in na ɗan huce. 480,000, Allah ya isa.

Wanda bai nuna muku takardar asalin kaya da izinin fitar da su ba, kada ku tura masa ko sisi.