Difloma ko gajeren kwas: wanne ya dace da mai son riƙe kicin ɗin makaranta ko asibiti?

Matasa a Bauchi sun sha tambayata wace hanya za su bi su zama masu kula da abincin makarantar kwana ko asibiti: difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, ko gajeren kwas irin na NIHOTOUR, cibiyar gwamnatin tarayya mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido?

Difloma tana cin lokaci. Sai ka ci JAMB, ka yi shekara 2 na ƙaramar difloma (ND), shekara 1 ta aikin sanin makama, sannan wasu 2 na babbar difloma (HND), duk a kan tsarin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa. Ga kuɗin makaranta, ga na haya. Gajeren kwas kuwa makonni ne ko watanni, kuɗinsa da sauƙi, kuma kana iya ci gaba da sana'arka.

Sai dai riƙe kicin mai ciyar da ɗaruruwan ɗalibai ya wuce iya girki. Akwai lissafin buhunan shinkafa na zango guda, tsarin sito, tsabtar ma'aikata, da abincin mai ciwon suga wanda kuskure kaɗan ke jawo masa illa. Difloma ce ke zurfafawa a nan, kuma ni wannan ya fi damuna. Haka a aikin gwamnati, mai HND yakan fara a matakin albashi na 8.

Haɗarin gajeren kwas shi ne cibiyoyin da takardarsu ba ta da rajista, don haka a bincika kafin a biya.

Wanda ya gama sakandare yake hangen shugabancin sashe, difloma ta fi masa. Uwargidar da ta daɗe tana kwangilar abinci, takarda kawai ta rasa, gajeren kwas ya ishe ta.