Man ƙamshi bayan motsa jiki: na'a-na'a, itacen turare ko lavanda?

Ƴan uwa masu ɗaga ƙarfe da ƴan ƙwallo na Damagaram, tunda yanzu yayin shaƙar man ƙamshi, wato man da ake tatsowa daga tsirrai, ake bayan an tashi daga fili, bari in gaya muku abin da na gani kafin ku zuba jikkunanku.

Ni dai na'a-na'a ne na gaba a wajena. Mantol ɗin da ke cikinsa yana taɓa jijiyoyin jin sanyi na cikin hanci, sai ka ji kamar an buɗe maka taga a ƙirji, alhali hanyar numfashin ba ta ƙara faɗi ba ko kaɗan, ji ne kawai. Amma wallahi a zafin Afrilu da rana ke wuce digiri 40, ka gama gudu kana haki zufa na shiga ido, ka ɗiga ɗigo 2 a hankici ka shaƙa, wannan jin ma ba banza ba ne, kai ya kan washe.

Man itacen turare, wato ekaliptus, na hunturu ne, lokacin da ƙura ta toshe hanci. Sai dai a kula, guba ne in aka sha, ko ɗan kaɗan yaro ya haɗiye sai likita, kuma mai asma ya bi a hankali don ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar masa da ita. Gaskiya in don wannan ne ma Robb ɗin da ke teburin mai shago ya isa, akwai mantol da ekaliptus da kafur a ciki, kuɗinsa kuma bai kai ya kawo ba.

Lavanda kuwa, man wani fure mai ƙamshi, na dare ne, yana kwantar da hankali, wasu barci ya fi zo musu da shi. Daga waje yake zuwa, irin su Faransa, shi ya sa ya fi tsada kuma jabunsa ya fi yawa. Na taɓa sayen wata ƴar kwalba a kasuwa, ashe turaren kaya ne aka dama da mai, kwana na yi da ciwon kai.

To in za ka saya duba kwalbar, ta gilashi ce mai duhu, yawanci ƴar 10ml, an rubuta huile essentielle, wato man tsiro zalla, da sunan tsiron kamar Mentha piperita (na'a-na'a) ko Lavandula angustifolia (lavanda). In parfum ka gani ajiye masa abinsa. Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bari ya bushe, na gaske ya kan tashi, wanda aka haɗa da mai sai ya bar tabon maiƙo kamar takardar ƙosai.

Shi kuwa tsamin jikin nan da ke kama cinya kwana 1 zuwa 2 bayan aiki mai nauyi, duk ukun babu wanda ya cire min shi. Ruwa nake sha, in samu fura da nono, in kwanta da wuri, kwalbar na'a-na'ar kuma tana cikin jakar takalmina.