Sharhi: mai gyaran gidan fulofi da na samu a Circle

Ni tela ne a unguwar Nima da ke Accra, kuma abincina yana cikin wani tsohon injin surfani ɗan Japan da na saya hannu na biyu. Zanen da yake ɗinkawa a faifan fulofi yake karɓa, irin mai inci 3.5 ɗin nan. Aska biyu, aska takwas, aikin wuyan kaftani, duk a faifai suke, wasu tun na maigidana da ya koya mini sana'a. Saura mako uku Babbar Sallah injin ya daina karantawa. In sa faifai, ya yi ƙurr, ya tsaya.

Yarona ya ce abu ne mai sauƙi, ya ciro gidan fulofi, wato na'urar da ke karanta faifan, daga wata matacciyar kwamfuta ya ɗaura a injin. Fitila ta kama, ta ƙi mutuwa, faifai bai motsa ba. Daga nan na ɗauki gidan fulofin injin na shiga trotro zuwa Circle, wato Kwame Nkrumah Circle. A Tiptoe Lane yara masu gyaran waya suka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu, har aka kai ni wani lungu wurin wani dattijo ɗan Zango, shagonsa bai fi ɗakin wanka girma ba.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sukudireba ba sai da ya tambaye ni daga wane inji abin ya fito. Da na ba shi labarin fitilar, ya ce, "Masta, yaronka ya juya wayar ne. Jan layin nan shi ke bin fil na 1." Wayar fil 34 gare ta. Ya ƙara da cewa ko an ɗaura daidai da wuya ya yi, domin a gidan fulofin kwamfuta fil na 34 canjin faifai yake sanarwa, alhali injuna irin nawa da yawa suna jiran ya ce musu ya shirya ne. Wannan bayani kaɗai ya biya kuɗin motata.

Ya buɗe nawa a gabana. Bel ɗin da ke juya faifan ya narke, ya zama kamar kwalta, ya manne a jikin ƙarfe. Giris ɗin sandar da ke tura kan karatu, wato ɗan abin da ke karanta faifan, ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu. Ya zauna da auduga a tsinke da sifirit yana gogewa a hankali, yana riƙe kan na sama da ɗan yatsa kada ya ɗaga shi ya wuce kima. Ya ɗaga faifaina ɗaya, ya ja murfin ƙarfen, ya nuna mini fari-farin fumfuna a ciki. Danshin Accra ne, kuma irin wannan faifai shi ke sake ɓata kan da aka wanke.

Inda na sha wuya shi ne bel. Sony ta daina yin faifan kansa tun 2011, balle kayan gyara. Da can, in ji shi, Agbogbloshie, inda ake jibge tsoffin kayan lantarki, yake zuwa ya tsinto wurin 'yan gwangwan, amma tun da aka rushe wurin a 2021 sai an bi su ɗaya-ɗaya. Ya ce kwana uku, ya zama tara. Waya kuma ba ya ɗauka, sai ka taka da ƙafarka. Ga mai kayan Sallah a kansa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na gaya masa haka.

Amma aiki ya yi. Bel ɗin da ya samo ya zauna daram, kuma ya haɗa mini wani tsohon gidan fulofi na kamfanin TEAC da ya sauya wa saiti, in ajiye saboda gaba. Ya kwafe zanena duka a filashi, ban da faifai biyu da fumfuna ta cinye. Ya kuma hana ni dabarar toshe ramin faifan 1.44MB da salatif don injin ya ɗauke shi a matsayin na 720KB, ya ce dabarar tana yi, amma kada in amince wa irin wannan faifai da zane mai daraja.

Ya so ya sa mini Gotek, na'urar da ke zama a gurbin fulofi tana karɓar filashi. Na ce masa, "Baba, a bari sai bayan Sallah." Ranar jajibiri na sallami babbar riga ta ƙarshe, da aska takwas ta maigidana a ƙirjinta.