Tantin mutum huɗu a bakin Tafkin Kware da ke jihar Sakkwato: sharhi ga mai shirin kwanan daji na farko

Tantin da na gwada irin mai ƙubba ne da ake shigo da shi daga waje. A jakarsa akwai sanduna biyu na fiba, rufin sama, ragar sauro a ƙofa da taga, igiyoyi huɗu da turakun ƙarfe. An rubuta mutum huɗu a jikinsa, amma lissafin babu kaya ne. Faɗinsa kamar santimita 240 da 210, don haka manya biyu da jakunkunansu, ko uku a matse, shi ne gaskiyar magana.

Kafa shi ba wuya. A shimfiɗa, a zura sandunan su gitta juna a tsakiya, a sa bakin kowace a zobenta na kusurwa, sai ya miƙe. Mutum biyu za su gama cikin minti goma sha biyar. Sandar dai tura ta ake yi cikin hannun yadin, ba ja ba, domin in aka ja gaɓoɓinta na rabuwa a ciki, robar da ta haɗa su ta tsinke. A fara gwada shi a tsakar gida tun kafin ranar tafiya.

Inda ya gaza shi ne turaku. Siraran waya ne da aka yi wa ƙasa mai laushi da ciyawa, ba ƙasarmu ba. A fako ko kan marmara suna lanƙwashewa a bugu na biyu, a rairayi kuwa iska kaɗan ke tumɓuke su. Maganinsa na hannun mai walda: ya yanko rodi mai kaurin milimita 10, tsawon santimita 30, guda goma sha biyu, ya lanƙwasa kan kowane kamar ƙugiya, ya fiƙe ƙasan. A kafa su a karkace, kansu na kallon nesa da tantin. Inda rairayi ya yi zurfi, a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace a binne shi a kwance. Wannan ya fi kowane turke riƙo.

Ƙasan tantin ma leda ce mai rauni, ga shi jejinmu ba ya rabo da tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa. Sai an share wurin da tsintsiya, a bi da tafin hannu, sannan a shimfiɗa tamfol a ƙarƙashi. A naɗe gefen tamfol ɗin kada ya leƙo waje, in ba haka ba raɓar da ta gangaro daga rufi a kansa za ta taru ta shige ƙarƙashin mai barci.

Lokacin wannan tanti a Sakkwato daga Nuwamba ne zuwa farkon Fabrairu. A bazara, da zafi ke wuce digiri 40, ba ya zaunuwa da zarar hantsi ya dubi ludayi. A hunturu kuma iska daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka ƙofa ta kalli kudu maso yamma. Ragar ta tare sauro sosai, na yaba mata, amma ƙura na ratsa ta. In zif ya fara cijewa, a kakkaɓe shi da tsohon buroshi a goga masa kyandir. Kada a sa mai, ƙura yake kamawa.

Sanyin asuba a bakin ruwa ta ƙasa yake shiga jiki, don haka tabarma da 'yar katifa sun fi ƙarin bargo amfani. Roƙona ɗaya: kada kowa ya shiga da gawayi ko risho cikin tanti don jin ɗumi. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Girki a waje, nesa da yadin. Salla ma a waje, domin tsayinsa bai kai a miƙe a ciki ba.

Ruwan sha daga gida za a zo da shi. Jarka mai lita 25 na isar mutum biyu kwana biyu, har da girki da alwala, in an yi tattali. Ban ba da shawarar wanka a tafkin ba saboda tsargiya. Takalma su kwana a ciki, ko a zazzage su da safe saboda kunama.

Kware na kusa da birnin Sakkwato a kan hanyar Illela, amma kusanci ba ya hana neman izini. A isa da rana, a gaida mai gari, a tambaye shi halin tsaro na wannan makon da inda ya dace a sauka, kuma a kauce wa burtali da mashayar shanu. In ya ce kada a kwana, a yini a dawo gida. Masu sha'awar madatsar ruwa ta Goronyo su ma kada su kama hanya sai sun ji daga bakin mutanen yankin.

Da safe a bar tantin ya sha rana har raɓa ta bushe kafin a naɗe shi, domin in ya shiga jaka da danshi fumfuna ce za ta cinye ɗinkin.