Tekno Mai Zafi Ko Minimal: Wanne Ya Fi Riƙe Dare?

Tekno kiɗan rawa ne da ake haɗawa da na'ura. Tekno mai zafi gudu yake yi, bugu 145 zuwa 160 a minti ɗaya, wani lokaci ma ya zarce. Ganga ce mai nauyi da aka murɗa har ta yi kaushi, tana dukan ƙirji ba ƙaƙƙautawa. Kafin ka ankara gumi ya jiƙa riga. Sai dai idan aka fara daga ƙololuwa, ina kuma za a hau? Bayan awa biyu kunne ya ƙoshi.

Minimal, wato teknon da aka rage wa kayan sauti, yakan tsaya wajen bugu 125 zuwa 130. Makaɗi Robert Hood na birnin Detroit a Amurka, bayan ya bar ƙungiyar Underground Resistance mai zafin kiɗa, ya fitar da faifan Minimal Nation a 1994. Ya tuɓe wa kiɗan duk wani ado, ya bar ganga da ɗan sauti guda mai maimaita kansa. Daga baya makaɗa Richie Hawtin da Ricardo Villalobos suka mayar da birnin Berlin na Jamus cibiyar salon a shekarun 2000.

Daɗinsa yana cikin ƙananan canje-canje. DJ zai riƙe bugu ɗaya minti huɗu cur, sannan ya saki 'yar kacau-kacau siririya a samansa, sai ka ga kafaɗun jama'a sun motsa gaba ɗaya. Wannan haƙurin ne ya ja ni, kuma ina ganin shi ke jan makaɗan da suka gaji da tsere.

Minimal ma da nasa aibin: a hannun rago yakan zama ƙwas-ƙwas mara rai, kuma lasifika mara kyau tana haɗiye rabinsa. Duk da haka, in har za a kai asuba ana rawa, shi zan zaɓa.