Na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki da na saya wa Baba

Tun da idon Baba ya dushe, rashin karanta Littafi Mai Tsarki ya fi ciwon damunsa. Shi ya sa na saya masa wannan 'yar na'ura. Ba ta wuce tafin hannu ba, da hasken rana take caji: shanya ta a bakin taga da safe, ta kai ka dare.

Muryar mai karatun a natse take, babu gaggawa. Ranar da likita ya ce jikin sai addu'a, Baba ya ce, "Ɗana, sa mini Zabura 90." Da aka iso aya ta 10, inda aka ce kwanakinmu shekara 70 ne, ko 80 in da ƙarfi, sai ya damƙe hannuna ya ce, "Sauran suna hannun Ubangiji, kada ka ji tsoro." Hawayena suka zubo, shi kuwa ya nemi a maimaita masa.

Inda na ga kasawarta, maɓallan sun yi ƙanana wa yatsun tsoho. Zabura 150 ce, kafin ka kai wadda kake so ka sha dannawa. Na liƙa masa ɗan ƙyalle a maɓallin kunnawa, yanzu da lalube yake gane shi cikin dare.